Tambaya da Amsa: Me Ya Wargaza Sex Pistols Cikin Wata 26?

Wasiƙun da suka fi yawa a wannan karon a kan ƙungiyar makaɗan nan ce ta Landan, Sex Pistols, mai kiɗan pank, wato salon rok na gajerun waƙoƙi masu zafi, wadda ta fara hawa dandamali ranar 6 ga Nuwamba 1975, ta yi wasanta na ƙarshe kafin watsewarta ranar 14 ga Janairu 1978. Mun haɗe tambayoyin da suka yi kama da juna, mun miƙa su ga masu amsa mana abin da ya shafi kiɗa da harkar faya-fayai.

Tambaya: Assalamu alaikum. Duk inda aka yi maganar kiɗan pank sai na ji an ambaci Sex Pistols, amma da na nemi waƙoƙinsu sai na tarar kundi ɗaya tak gare su. Sauran ɓacewa suka yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Babu abin da ya ɓace, malam, iya abin da suka yi ke nan: ƙananan faya-fayai huɗu da babban kundi guda. Ƙaramin faifai shi ne mai faɗin inci 7, yana juyi 45 a minti, waƙa ɗaya a kowace fuska. Na farkonsu, Anarchy in the U.K., ya fito a Nuwamba 1976 ya tsaya a matsayi na 38 a jadawalin cinikin faya-fayai na Birtaniya. God Save the Queen ya biyo baya a Mayu 1977 ya kai na 2, Pretty Vacant a Yuli ya kai na 6, sai Holidays in the Sun a Oktoba ya kai na 8. A ƙarshen watan Oktoban nan kundinsu Never Mind the Bollocks ya fito, waƙoƙi 12 da duka-duka ba su cika minti 40 ba, ya kuma hau matsayi na ɗaya. Duk wani abu da za ka gani bayan waɗannan, ko dai ɗaukan gwaji ne, ko na wasan dandamali, ko waƙoƙin fim da aka yi bayan mawaƙinsu ya kama gabansa.

Su huɗu ne. Steve Jones mai jita da Paul Cook mai ganguna abokai ne tun makaranta a yammacin Landan. Glen Matlock mai jitar bes yana aikin ranar Asabar a kantin tufafin Malcolm McLaren da Vivienne Westwood, lamba 430 a titin King's Road, kuma a kantin nan aka gwada mawaƙinsu John Lydon a Agusta 1975, wanda duniya ta sani da Johnny Rotten. McLaren ya zama manajansu. A shekarar da suka haɗu hauhawar farashi a Birtaniya ta haura kashi 20 cikin ɗari, marasa aikin yi sun wuce miliyan ɗaya, kuma a 1976 sai da gwamnati ta nemi rance wurin Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Manyan makaɗan rok na lokacin kuwa suna can suna jan waƙa ɗaya minti goma sha, da kayan kiɗan da ɗan talaka ba zai taɓa iya saya ba. Waƙar minti uku mai zafin baki ta zo wa matasa daidai.

Tambaya: Ni mai koyon jita ne. An ce mini 'yan ƙungiyar nan ba su iya kiɗa ba, hayaniya ce kawai. To amma na yi ta ƙoƙarin fitar da irin sautin kundinsu, nawa sai ya fito siriri, ko kuma ya cakuɗe. Ina nake kuskure?

Amsa: Ɗan'uwa, wanda ya ce maka ba su iya ba bai saurari kundin da kyau ba. McLaren ne ya fi kowa yaɗa wannan magana don tana sayar da jarida. Jones da Cook sun yi watanni suna atisaye a wani ɗaki a titin Denmark Street, kuma wanda ya shirya musu kundin, Chris Thomas, ƙwararre ne da ya riga ya yi aiki da manyan ƙungiyoyi, tare da injiniya Bill Price a sitidiyon Wessex.

Mu fara da hannunka na hagu. Ginshiƙin kiɗan pank shi ne kamun tsirkiya biyu ko uku. Ɗora yatsan nuni a gaɓa ta 5 ta tsirkiya ta shida, wato mafi kauri, yatsan zobe a gaɓa ta 7 ta tsirkiya ta biyar, ƙaramin yatsa a gaɓa ta 7 ta tsirkiya ta huɗu. Wannan kamun kake zamewa da shi sama da ƙasa ba tare da ka sauya siffar hannun ba. Sauran tsirkiyoyi ukun dole su yi shiru: kwantar da cikin yatsan nunin a kansu, ya taɓa su kawai, kada ya danne. Dalili shi ne idan amfilifaya tana ƙugi, kowane sauti da ka ƙara yana haifar da wasu a gefensa. Biyu ko uku masu jituwa sukan fita tsaf, shida kuwa sai su caɓe. Yawancin cakuɗewar da masu koyo ke kuka da ita daga tsirkiyar da aka bari a sake take.

Hannun dama kuma, bugu ƙasa-ƙasa, sau takwas a kowane zagayen ƙirga huɗu, daga wuyan hannu ba daga gwiwar hannu ba. Kuma ka rage gudu. Mutane suna ɗauka pank tsere ne, amma mafi yawan waƙoƙin kundin nan tsakanin bugu 130 ne zuwa 150 a minti, ƙasa da yadda Ramones na New York suka saba gudu. Nauyin sautin daga daidaito yake zuwa. Cook yana riƙe babbar ganga a bugu na 1 da na 3, ƙaramar ganga a na 2 da na 4, ba ya gaba ba ya baya, jita kuma tana faɗawa kan gangar daidai. Sa na'urar ƙirga bugu a 120, kada ka ƙara sai ka iya yin minti uku ba tare da ka zame ba.

Sai kayan aiki. Jones ya yi amfani da jita Gibson Les Paul da amfilifaya Fender Twin Reverb mai lasifika biyu na inci 12. Wannan amfilifaya an san ta da tsaftar sauti, ba ta ƙugi sai an buɗe ta sosai, don haka ƙugin da kake ji a kundin bai kai yadda kunne ke zato ba. Kai kuwa mai yiwuwa ka murɗa maɓallin ƙugi har ƙarshe, ka kuma rage sautin tsakiya. Wannan shi ke sirantar da sauti. Mayar da ƙugin wajen rabi, ka ɗaga na tsakiya.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne ba za ka taɓa samu da jita ɗaya a ɗaki ba: abin da ke cikin kundin ba jita ɗaya ba ce. Thomas yakan ɗauki ganguna da jita tukuna, sannan Jones ya sake buga abu guda sau da yawa ana jera su a kan juna. Idan za ka gwada a kwamfuta, buga sashen sau biyu daban-daban, ka tura ɗaya kunnen hagu ɗaya na dama. Kwafe ɗauka guda ka liƙa ba ya ƙara kauri, ƙarfi kawai yake ƙarawa, domin ƙananan bambance-bambancen da ke tsakanin bugu biyu su ne ke faɗaɗa sautin. Ka riƙa gyara saitin tsirkiya kafin kowace ɗauka, don bugu mai ƙarfi yana sassauta ta, kuma ɗauka biyu da saitinsu ya saɓa ko da kaɗan ne za su riƙa rawa a kunne. Kowane layi da ka ƙara, rage masa ƙugi.

Tambaya: Na karanta cewa kamfanonin faya-fayai biyu sun kore su amma kuma sun biya su kuɗi. Ta yaya za a kori mutum a kuma biya shi?

Amsa: Malama, sirrin yana cikin yadda kwantiragin faifai yake. Kamfani yakan ba mawaƙi kafin alƙalami, daga baya ya cire abinsa daga kason mawaƙin na cinikin faya-fayai. Idan faifai bai sayu ba, asarar kamfani ce. Idan kuma kamfanin ne da kansa ya ga dama ya janye kafin wa'adi, ba shi da hanyar karɓe abin da ya bayar, sau da yawa ma sai ya ƙara kuɗin sallama don a rabu ba tare da an je kotu ba.

EMI ya ɗauke su a Oktoba 1976 kan fam 40,000. Ranar 1 ga Disamba, ƙungiyar Queen, wadda ita ma ta EMI ce, ta fasa zuwa wani shirin maraice na gidan talabijin na Thames, sai aka tura su a madadinta. Shirin kai tsaye ake watsa shi. Mai gabatarwa, Bill Grundy, ya yi ta tsokanarsu su faɗi abin da ke bakinsu, Jones kuwa ya surfa masa ashar. Hirar 'yan mintuna ce, kuma yankin Landan kaɗai ya gan ta, amma washegari jaridu suka kai ta ko'ina a ƙasar. Aka dakatar da Grundy mako biyu. Ma'aikatan masana'antar EMI da ke Hayes suka ƙi shirya faifan a kwali. EMI kuwa ba kamfanin kiɗa kaɗai ba ne, yana ƙera kayan lantarki da na'urorin asibiti, yana ma da hannun jari a gidan talabijin ɗin da abin ya faru. Shugabanninsa suka auna suka ga faifai ɗaya bai kai sunan kamfani ba, a Janairu 1977 suka sallame su, kuɗin kuma ya zauna.

Na A&M ya fi ban mamaki. An yi bikin sa hannu gaban 'yan jarida a ƙofar fadar Buckingham ranar 10 ga Maris 1977. Daga nan suka je ofishin kamfanin a buge suka yi ɓarna, bayan kwana biyu kuma aka yi faɗa a wani kulob da ya rutsa da wani mai gabatar da shiri na BBC. Ranar 16 ga wata aka soke kwantiragin. Sun tashi da fam 75,000, kamfanin kuma ya lalata kusan duk kwafe 25,000 na God Save the Queen da ya riga ya buga. 'Yan kaɗan da suka tsira yanzu dubban fam ake sayensu. A watan Mayu Virgin na Richard Branson ya ɗauke su.

A ido kamar riba ce. Amma ki lura da abu biyu. Kuɗin ba aljihun makaɗan suke shiga ba, kamfanin McLaren mai suna Glitterbest suke shiga, su kuma ana ba su albashin mako. Sannan manajan ya gano cewa rigima ta fi wasa kawo kuɗi, kuma daga nan lissafinsa da nasu suka raba hanya.

Tambaya: Hoton Sid Vicious ne ake gani a riguna, shi aka fi sani. Me ya sa wasu ke cewa shigarsa ce ta kashe ƙungiyar?

Amsa: Domin Matlock, wanda Sid ya maye gurbinsa, shi ne mai haɗa karin waƙoƙin. Duba bayan kundin: a cikin waƙoƙi 12, guda 10 da sunan Matlock a jerin marubutansu. Biyu kacal aka rubuta bayan tafiyarsa. Yadda suke aiki shi ne Matlock ko Jones ya kawo jerin kamun jita da amshi, Lydon ya ɗora baituka, a gyara a wurin atisaye. Matlock ya tafi a Fabrairu 1977 bayan zamansa da Lydon ya ƙi daɗi. McLaren ya aika wa wata jaridar kiɗa saƙo cewa an kore shi ne saboda yawan yabon Paul McCartney na ƙungiyar The Beatles, shi kuwa Matlock ya ce da ƙafarsa ya fita.

Sid, wanda sunansa na yanka John Simon Ritchie, abokin Lydon ne kuma ɗan gaba-gaba a cikin masoyansu. Yana da siffa da shiga irin wadda kyamara ke so, amma bai iya jitar bes ba. Lokacin da ake ɗaukar kundin ma yana kwance a asibiti da ciwon hanta. Jones ne ya buga bes a kusan dukan waƙoƙin, yana bin tushen kowane kamu na jitarsa sau da ƙafa, abin da ya ƙara wa sautin dunƙulewa. A sitidiyo an rufe ɓarakar ke nan. A dandamali kuwa babu yadda za a yi: ƙungiya mai jita ɗaya, duk sanda mai jitar ya saki kamu ya shiga salo, bes ce kaɗai ke riƙe waƙar. Idan mai bes ya ɓace, sai a ji rami a tsakiya. Ga kuma muguwar ƙwayar nan hiroyin da Sid ya faɗa wa sha, wadda ta tsananta bayan haɗuwarsa da budurwarsa Nancy Spungen a 1977.

A ganinmu ranar da Matlock ya fita aka fara ƙirga kwanakin ƙungiyar. Ko da an zauna lafiya, ba su da waƙoƙin da za su cika kundi na biyu.

Tambaya: Da gaske ne an yi maguɗi don kada waƙarsu ta zo ta ɗaya a makon bikin Sarauniya?

Amsa: God Save the Queen ya fito ranar 27 ga Mayu 1977, ana dab da bikin cikar Sarauniya Elizabeth shekara 25 a kan gado. BBC ta hana sa shi, gidajen rediyo masu zaman kansu ma haka, manyan kantuna irin su WH Smith da Boots da Woolworths suka ƙi sayar da shi. Duk da haka ya zo na ɗaya a jadawalin jaridar NME, amma a jadawalin hukuma ya tsaya na biyu, bayan faifan Rod Stewart. A lokacin ba dukan cinikin ƙasa ake ƙirgawa ba, wasu zaɓaɓɓun kantuna ne ke aika alƙalumansu, saboda haka wanda ke zaɓen kantunan yana da tasiri a kan sakamako. Daga nan zargin ya samo asali, kuma har yau ana yinsa.

Abin da ya fi jadawalin illa gare su shi ne abin da ya biyo baya. Ranar 7 ga Yuni suka yi wasa a cikin jirgin ruwa a kogin Thames, 'yan sanda suka tare jirgin suka kama McLaren da wasu. A cikin watan aka sassari Lydon da reza kusa da sitidiyo har aka ji masa rauni a hannu, aka kuma rotsa wa Cook ƙarfe a ka.

Tambaya: Me ya faru a rangadinsu na Amurka har suka watse a can?

Amsa: Sai an koma baya kaɗan. Tun bayan hirar talabijin ɗin nan yin wasa a gida ya zame musu wuya. A Birtaniya ƙananan hukumomi ke ba zauren wasa lasisi, mai zaure kuwa ba zai yi wasa da lasisinsa ba. A rangadin Disamba 1976 an tsara wasanni kusan 20, wajen bakwai aka yi. A Derby kansiloli suka ce sai sun fara yi musu wasan gwaji, suka ƙi. A 1977 sai da suka riƙa fita ƙasashen arewacin Turai da Holan, a gida kuma suna wasa da sunayen bogi. Wasansu na ƙarshe a Ingila kafin su watse shi ne na ranar Kirsimeti a Huddersfield, don 'ya'yan ma'aikatan kashe gobara da ke yajin aiki. Ƙungiyar da ba ta wasa a kai a kai hannunta yakan yi sanyi, kuɗin ƙofa ba ya shigowa, kuma zaman banza yana ba saɓani wuri.

A haka suka tafi Amurka a Janairu 1978 ƙarƙashin kamfanin Warner. Biza ta yi jinkiri saboda tarihin kamu da wasunsu ke da shi, aka soke wasannin farko. McLaren ya kauce wa New York da Los Angeles inda masu son kiɗan suke, ya zaɓi kudu: Atlanta, Memphis, San Antonio, Baton Rouge, Dallas, Tulsa, sannan San Francisco. Wasa bakwai cikin kwana goma, tazara mai nisa a mota cikin hunturu, a zaurukan da wasunsu na kiɗan makiyayan shanu ne. Abin da yake nema shi ne arangama, ya kuwa samu. A San Antonio an yi ta jifarsu da gwangwani, Sid ya kai wa wani duka da jitarsa. Shi Sid ɗin yana fama da rashin ƙwayar da jikinsa ya saba da ita, masu gadin da kamfani ya ɗauka suna tsare da shi. Kafin ƙarshen tafiyar Jones da Cook sun koma bin jirgin sama tare da manaja, Lydon da Sid suna cikin bas, ba mai yi wa wani magana.

A zauren Winterland na San Francisco, gaban mutum kusan 5,000, suka yi wasan ƙarshe. Da aka nemi ƙari suka yi waƙa ɗaya, Lydon ya tambayi jama'a ko sun taɓa jin an damfare su, ya ajiye makirufo. McLaren yana so a wuce Rio de Janeiro a yi ɗauka da Ronnie Biggs, ɗan fashin jirgin ƙasan nan da ya gudu daga kurkukun Ingila. Lydon ya ƙi. Jones da Cook suka tafi, shi kuma ya sanar da rabuwar a New York bayan 'yan kwanaki.

Tambaya: In dai haka suka ƙare, me ya sa ake ba su wannan girma?

Amsa: Saboda waɗanda suka gan su. Ranar 4 ga Yuni 1976 wasu ɗalibai biyu, Howard Devoto da Pete Shelley, suka gayyace su wasa a ƙaramin zauren Free Trade Hall na Manchester. 'Yan kallo ba su fi gommai ba, amma a cikinsu akwai Bernard Sumner da Peter Hook da suka kafa Joy Division, da Morrissey na The Smiths. Masu gayyatar su ma suka kafa Buzzcocks, kuma a Janairu 1977 suka ranto wajen fam 500 suka buga ƙaramin faifansu da kansu, kwafe 1,000 a bugun farko, ba tare da wani babban kamfani ba. Ƙananan kamfanonin faya-fayai masu zaman kansu da suka cika Birtaniya bayan nan wannan hanyar suka bi. Joe Strummer ma ganin wasansu ne ya sa ya bar ƙungiyarsa ta dā ya shiga The Clash.

Tambaya: Ina kuɗin suka tafi, kuma ina mutanen suka ƙare?

Amsa: Kaso mai yawa na abin da ya shiga Glitterbest fim ɗin da McLaren ya dage sai ya yi a kan ƙungiyar ne ya cinye shi. Lydon ya kai ƙara a 1978. A 1979 kotu ta karɓe kamfanin daga hannun McLaren ta damƙa wa mai riƙo, amma shari'ar ba ta ƙare ba sai 1986, lokacin da Lydon da Jones da Cook da mahaifiyar Sid suka karɓi ikon kamfanin da kuɗi wajen fam miliyan ɗaya. Shari'ar ta fi rayuwar ƙungiyar tsawo har ninki uku.

Mahaifiyar ce ta tsaya a madadin Sid domin shi ya riga ya mutu. An tsinci gawar Nancy Spungen a ɗakinsu na otal ɗin Chelsea a New York ranar 12 ga Oktoba 1978, aka tuhume shi da kisanta, kuma kafin a fara shari'a hiroyin ta kashe shi ranar 2 ga Fabrairu 1979 yana da shekara 21. Lydon ya koma amfani da sunansa na asali ya kafa Public Image Ltd a 1978. Jones da Cook suka kafa The Professionals, Matlock kuma Rich Kids. A 2006 aka sa sunansu a zauren karrama makaɗan rok na Amurka, suka ƙi halarta. Sun sake haɗuwa don rangadin duniya a 1996, kuma a wannan karon Matlock ne ya riƙe bes.